Gadar da Ta Hana Zane Wucewa

"Kwanta, tsohuwa! Kika yi tari, sai gawarki!"

Gildo, yaron Alvise, ke yi wa mai gidan ihu, bindiga a hannunsa. Alvise bai waiwaya ba, yana ta fama da ƙusoshin da suka riƙe zanen a bango. Hoton wani rusasshen ɗakin bauta ne na Rumawan dā, ginshiƙai tsaye ba rufi, ya fi mutum tsawo. Wani attajiri mai tara zane-zane ke son sa, har da katako mai ruwan zinariya da ya kewaye shi, ba ƙwarzane ko ɗaya. Yaran attajirin na riƙe da Ermes, ƙanin Alvise. A kai zane kafin rana ta faɗi, ko a tsinci Ermes a ruwa.

"Ku ɗauka, 'ya'yana," in ji tsohuwar tana kuka, "amma kada ku naɗe shi. Ya tsufa."

Ƙusoshin banza suka cinye musu lokaci. Suna ɗora zanen a tsaye cikin kwale-kwale, jiniyar gargaɗin hawan ruwa ta ɗauka. Alvise ɗan Venis ne, birnin nan da ruwa ne titunansa, ya san abin da ke jiransu.

Ya ba injin wuta! Bayansu, jirgin 'yan sanda ya shawo kwana, lasifika na kiran su tsaya.

Ga gada. Da safe sun bi ƙarƙashinta ba ko sunkuyawa. Yanzu ruwa ya ɗaga su, katakon ya daki dutse — ƙum!

"Kwantar da shi mana, dalla!" in ji Gildo.

"Ya fi hanyar faɗi, wawa!" Alvise ya daka masa tsawa.

Gildo ya dubi baya, ya dubi sama. "Ƙaninka ne, oga, ba nawa ba. Ni na ware!" Ya dafe gadar ya yi layar zana. Ɗan iska, ko bindigar bai bari ba.

Tsoro ya rufe wa Alvise ido. Ya zaro wuƙa, ya yanke zanen daga katakon, ya kama naɗewa kamar tabarma. Sai ya ji ƙas-ƙas-ƙas. Busasshen fenti na zuba tsakanin yatsunsa, ginshiƙan na faɗawa ruwa ɓarɓashi-ɓarɓashi.

Da 'yan sanda suka cim masa, a durƙushe suka same shi, yana tsamo ɓarɓashin da tafin hannu yana manna wa tsumman zanen.

"Ranka ya daɗe, ka bari in kai," ya ce wa babbansu. "Ƙanena na jira."

Ankwa ta rufe a hannunsa. Rana ta riga ta taɓa ruwa.