Wannan Ba Hannun Mijina Ba Ne

Takwas ba ta cika ba ranar Talata wata mata ta faɗo ofishin 'yan sanda, mayafinta a baibai, ita ba ta ma sani ba. Ta dafa teburin Saje da hannu biyu.

"Mijina bai kwana gida ba."

Saje ya yi ɗan murmushin wanda ya sha jin irin wannan ƙara. Sufeto da ke wucewa da fayil a hammata bai ga abin murmushi ba. Ya tura mata kujera.

"Zauna, baiwar Allah. Mece ce sana'arsa?"

"Adon silin yake yi. Farin Kai ake ce masa, saboda kullum kansa fari fat da garin aiki. Shekararmu ashirin da biyu, ranka ya daɗe, bai taɓa kai magariba a waje ba. Kwaɓin nan in ya bushe a jikin kayan aiki ba ya fita, shi ya sa yake dawowa da wuri mu wanke tare."

"Wayarsa fa?"

"A kashe tun jiya da la'asar."

"Ina ya tafi aiki?"

"Gidan wani da ake kira Manaja. Jiya ne zai gama. Ni dai jikina yana ba ni ba lafiya ba. Don Allah ku nemo min shi da ransa."

Ƙarfe goma Sufeto da Saje suna falon Manaja. An tattara kujeru tsakiya an lulluɓe su da leda, ko'ina warin ɗanyen kwaɓi. Sufeto ya ɗaga kai. Gaskiya Farin Kai ya san aikinsa. Silin ɗin cike yake da zane mai kamar rabin wata, layi bayan layi, kowanne ya ɗan hau kan ɗan'uwansa.

Manaja dogo ne mai tsafta, ga tabarau, ga magana a hankali.

"Ya gama wajen ƙarfe huɗu ya tafi," in ji shi. "Ni da kaina na rufe masa get."

"Da kayansa?"

"Da komai nasa."

"Wa ke gidan lokacin?"

"Ni kaɗai. Iyalina suna wajen yayarta saboda ƙura, yau za su dawo."

Suna cikin haka sai wani ɗan sauti ya fito daga sama. Ƙwas. Aka ɗan jima. Ƙwas.

Sufeto ya dubi Manaja.

"Ɓeraye ne," ya ce da sauri, har da 'yar dariya. "Sun addabe mu. Ga kwano kuma in rana ta buɗe sai ya yi ta ƙara."

Saje ya gyaɗa kai ya ce nasu gidan ma haka suke fama. Da Manaja ya miƙo hannu za su yi sallama, Sufeto ya ga fari maƙale a ramukan madaurin agogonsa. Mutum mai tsafta haka, ina ya haɗu da kwaɓi?

Daga nan suka nufi shagon kayan gini da matar ta ce mijinta yana saye. Mai shagon tsoho ne mai surutu, tun ba a gama tambaya ba ya fara ba da amsa.

"Farin Kai? Ai jiya ma mun yi waya, wajen ƙarfe biyu. Ya ce ya ga tabon danshi a kusurwa ɗaya, in ajiye masa abin toshe yoyo. Ya ce zai hau cikin silin ya duba inda ruwan yake sauka."

"Dole sai ya hau?"

"Haba, ranka ya daɗe! Wa zai shafa ado a kan danshi? Wata biyu ya yi rawaya, ya kumbura, ya zubo wa mutane a ka. Wasu masu aikin ha'inci suna yi, amma ban da Farin Kai. Shi sai ya taɓa da hannunsa ya ji a bushe."

"Ya zo ya karɓi abin?"

"Bai zo ba. Mai gidan ne ya zo, wajen biyar, yana ta gumi. Kuma ba abin yoyo ya nema ba. Garin kwaɓi ya saya rabin buhu, da ƙusa, da matajin roba na yin zane. Har na ce masa Farin Kai ba ya aiki da sabon mataji, ya ce in ba shi kawai."

"Ƙarfe biyar ka ce?"

"Biyar har ta gota."

Sufeto ya dubi Saje. Mutumin da ya gama aiki ƙarfe huɗu, me za a yi masa da kwaɓi ƙarfe biyar? Kuma ƙusa ta mene ce? Ya tuna sautin nan na sama.

"Saje, ta da mota. Mu ɗauko matar, ka kira likita ya same mu can."

Da suka koma, uwargidan Manaja ta dawo, tana yaye leda daga kan kujeru. Manaja na ganin matar Farin Kai a bayan 'yan sanda fuskarsa ta sauya.

"Yallaɓai, ai na gaya muku duk abin da na sani. Wace ce wannan kuma?"

"Matar wanda ya yi maka aiki ce. Baiwar Allah, kin san aikin mijinki in kin gani?"

"Silin ɗakinmu a kansa yake gwada kowane sabon zane. Ko ido rufe na san shi."

"To duba."

Ta fara daga jikin taga, kanta a sama, tana tafiya a hankali.

"Nan ya fara. Kullum daga taga yake farawa, yana ja da baya. Bahago ne, kun ga bakin zanen duk gefe ɗaya yake kallo. Wannan nasa ne. Wannan ma nasa ne."

Ta bi falon har ta kai kusurwar da ke kusa da hanyar kicin. Nan ta tsaya cak. Ta ɗaga yatsa ta nuna.

"Wannan ba hannun mijina ba ne."

"Ta yaya kika gane?"

"Mai aiki da hannun dama ne ya yi shi. Zanen ya juya. Ga shi an danna matajin da ƙarfi har ya kwashe kwaɓin. Ga gaɓa nan inda sabo ya haɗu da wanda ya riga ya sha iska. Shi ba ya barin gaɓa, ko zai suma sai ya kai bango."

"Ƙila gajiya ya yi," in ji Manaja. "Mace me ta sani a aikin silin?"

Uwargidan ta matso, ledar tana hannunta, ta ɗaga kai ita ma. Ta ƙura ido, ta dubi wancan gefen, ta sake dawowa.

"Baban yara, ina ƙofar silin ɗin? Ba nan take ba?"

"Ke, shiga ciki!"

"Tsaya nan, Hajiya," in ji Sufeto. "Wace ƙofa?"

"Murfin da ake turawa a hau sama in za a gyara waya ko yoyo. Nan yake, wallahi nan yake." Muryarta ta fara ƙanƙancewa. "An shafe shi."

Matar Farin Kai ta girgiza kai tana ja da baya. "Ba ya shafe ƙofa. Zagaye ta yake yi da zane, ya ce wata rana za a nemi hawa. Ba ya shafewa. Wayyo Allahna!"

Falon ya yi tsit. Kowa ya kasa kunne yana jiran sautin nan, har Saje. Ba abin da ya motsa a sama. Sufeto bai taɓa jin tsoron shiru irin na wannan lokacin ba.

"A kashe wutar gidan. Saje, tsani da guduma!"

"A'a, kada ya hau!" Manaja ne ya yi ihun, bai san ya fito ba. "Ko an kashe ta nan, akwai wuta a sama."

Sufeto ya juyo ya dube shi. "Ta ina ta bi?"

Manaja ya sunkuyar da kai. Sai da Saje ya fita ya sa aka cire wayar gidan tun daga jikin falwaya, sannan ya dawo ya kafa tsani. Bugu biyu kwaɓin ya tsage, ya zubo kamar ɓawon ƙwai. Ga murfin nan, an bi gefunansa huɗu da sababbin ƙusoshi.

Da murfin ya ɓalle, wani zafi ya bugo daga ciki har waɗanda ke ƙasa suka ji. Sufeto ya karɓi tocila ya hau da kansa. Abin da ya fara gani bokiti ne, da tsohon mataji, da jakar kayan aiki an cusa su gefe. Can gaba kaɗan mutum ne kwance rub da ciki a kan katakon rufi, hannunsa na hagu a ƙone, kusa da wasu wayoyi tsirara da aka murɗe da juna. Hannun dama yana riƙe da cokalin gini, bakin cokalin dab da inda murfin yake.

Sufeto ya kira shi sau biyu. Ya taɓa wuyansa. Ya sauko a hankali, bai iya kallon matar ba.

Likita ya hau, ya jima, ya sauko yana share gumi. Ya ja Sufeto gefe, amma falon ya yi shiru da yawa, kowa ya ji.

"Wuta ta ja shi, ya bugu a baya. Amma ba ita ta kashe shi nan take ba. Bai fi awa uku da cikawa ba."

Sufeto ya dubi agogo. Ƙarfe ɗaya da rabi. Ashe lokacin da yake tsaye a nan yana yaba zane, mutumin yana saman kansa da rai yana ƙwanƙwasawa. Ya juya wajen Manaja.

"Manaja. Faɗi."

Manaja ya zame ya zauna a ƙasa, cikin farin garin da ya zubo.

"Ta bayan mita na jawo wutar, shekara uku ke nan. Na ce masa kada ya hau, ya ce ba zai shafa a kan danshi ba. Sai na ji ƙara. Na hau na sa busasshen katako na ture wayar daga jikinsa. Na ga ba ya motsi. Na tuna aikina, na tuna kotu, na tuna abin da mutane za su ce. Na ce ai ya riga ya mutu."

"Da kake buga ƙusa fa?"

Manaja ya rufe fuska da hannu biyu.

"Da kai nake! Da kake buga ƙusa ya motsa ko bai motsa ba?"

"Ya motsa."

Uwargidan ta saki ledar ta dafe baki, ta ja jiki ta manne da bango, nesa da mijinta. Saje ya ɗaga shi ya buga masa ankwa, bai yi masa da sauƙi ba.

Har sun kai bakin ƙofa matar Farin Kai ta sha gabansu. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba. Idonta a bushe.

"Abu ɗaya zan tambaye ka. Ya yi magana?"

Manaja ya kau da kai.

"Ka ba ta amsa," in ji Sufeto.

"Yau da safe ya yi."

"Me ya ce?"

"Ruwa. Ruwa ya roƙa."

Ta matsa ta ba su hanya. Saje ya tasa ƙeyarsa zuwa mota. Ita kuwa ta koma ta zauna a gindin tsanin, ta ce ba inda za ta sai an sauko mata da mijinta.