Kusurwar da Na Ɗaga

Ranar Laraba, gab da magariba, na ɗauki tamfol ɗin Yaya Ƙasimu na kai wa Baba Abdou gyara. Zobe biyu ne suka fita a gefe, inda ake zura igiya. Shagonsa yana wani lungu a bayan titin Sultana, tsakanin mai walda da mai sayar da ful, dafaffen waken nan na Larabawa. Mutumin Maraɗi ne, ya tsufa a kan keken ɗinkin tanti da rufin motoci.

Ya shimfiɗa tamfol ɗin a ƙasa, ya dube shi, ya dube ni.

"Jeji za ka fita, Ubaidu?"

"Gobe, in Allah ya yarda."

"Da wa?"

Na duƙa ina nuna masa inda zobban suka fita.

"Ya waladi, ɗana, wannan rufin mutum biyu ne. Ni na yanka wa yayanka shi da hannuna. Ga wani can ƙarami, mai kauri, ɗauka aro. An ce hadari na tafe, shi ya fi maka."

"Wannan nake so."

"Mutum ɗaya ba ya kafa rufin mutum biyu a jeji. Wurin da ka bari fili, ba ka san wa zai gani ba."

"Haba Baba, tamfol ne fa."

"Ɗayyib, shi ke nan," ya ce, ya jawo almakashinsa. "Tamfol ne."

Yaya Ƙasimu ya rasu a hanyar Yanbu, cikin Sha'aban ɗin 1420. A tashar jiragen ruwa yake aiki. Wurin ma'aikatan jirgi ya samo gadajen raga guda biyu, irin waɗanda ake ɗaurawa tsakanin itatuwa, mu muna ce musu marjeha. Ya ce ko ba komai kunama ba ta hawa igiya. Duk Alhamis ɗin da ya zo gida sai mu fita bayan gari mu kwana muna lilo.

Ni ban yi nisa a makaranta ba. Abin da na iya sosai a duniya, shi ya koya min. Ka fara da uwar igiya tsakanin itatuwa, ka ja ta har in ka taɓa ta yi kuka. Ka ɗora tamfol a kai. Kusurwa uku sama, ɗaya ƙasa, don ruwa ya sami hanya. "In ba ka ba shi hanya ba, malalaci, zai taru ya nemi tasa a kanka." Igiyar marjeha da ke wajen kanka kuwa, ƙulli mai wutsiya ake mata, ja ɗaya ta warware.

Da zan fita ranar Alhamis, Umma Hajo ta biyo ni har bakin ƙofa. Ba ta hana ni ba. Ta dai riƙe hannun rigata.

"Ka dawo min, ka ji? Kai kaɗai ka rage."

Na ari wanet ɗin Kawu Abdussamad, tsohuwar motar ɗaukar kaya, na bar gari bayan la'asar. Wurinmu yana gefen baƙaƙen duwatsun nan na harra, inda itatuwan ƙaya uku suka tsaya kamar masu hira. Babu gida, babu garke. Na ajiye mota a kan tudu, na gangara da kaya.

Sama ta riga ta yi nauyi. Iska tana kawo ƙanshin ƙasar da aka jiƙa a wani wuri mai nisa.

Na ja uwar igiya har ta yi kuka. Na ɗora tamfol, na kafa turaku, na saukar da kusurwar da ke wajen duwatsu. Na ɗaura marjehata. Sai na ga ta Yaya a cikin jaka, a naɗe yadda ya naɗe ta.

Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Na ɗaura ta a wurinta, kusa da tawa. Na dafa shayi, na zuba kofi biyu, kamar yadda nake yi a ɗaki a ɓoye tun ranar da aka kai shi makwancinsa.

Na yi sallar magariba ruwa na fara sauka. Na hau marjehata na kwanta. Duhu ya zo da wuri. Tamfol yana ta kiɗa a kaina, ruwa yana bin gangara, yana zuba ta kusurwar ƙasa, shaaa, cikin duwatsu. Komai yadda ya koya min. Na yi kuka kaɗan, don babu mai gani.

Sai kiɗan ya ragu.

Ba ruwan ne ya tsaya ba. A ɓangarena yana nan yana duka. A ɓangaren Yaya ne babu sauti, kamar an ɗora bargo.

Igiya ta yi ƙara. Ƙiii.

Ba tawa ba ce.

Na juya kaina a hankali. Marjehar Yaya ta lotsa. Ta yi ciki, irin na wanda ya kwanta ya miƙe ƙafa. Tana lilo kaɗan-kaɗan, ba daidai da iska ba. Ban ga fuska ba. Raga ce kawai da duhu a cikinta.

Wani ƙanshi ya taso. Kafur, da ganyen magarya. Na san shi. Na tsaya a bakin ɗakin wankan gawa ranar da aka yi wa Yaya sutura.

"Ubaidu."

Muryarsa ce. Har da ɗan dusashewar nan ta mai yawan shan iskar teku.

Gaskiya ita ce ban ji tsoro ba tukuna. Daɗi na ji. Wani irin daɗi mai zafi.

"Yaya?" na ce, da raɗa.

"Ruwa na zuba a kaina."

"Ina? Na ja shi sosai fa."

"Kusurwar can. Ɗaga min ita."

Na sauka. Wallahi na sauka, ƙafa ba takalmi. Na je na cire turken, na ɗaga kusurwar, na ɗaure ta a reshe daidai da sauran. Ƙarar zubar ruwa a duwatsu ta ɗauke. Na dawo na kwanta, ina murmushi kamar wawa.

"Haka ya yi?"

"Ya yi. Kwanta. Kada ka ƙara tashi."

Marjehata ta fara lilo. Ba ni nake kaɗa ta ba. Wani abu ya riƙe igiyar ƙafata, yana ja, yana saki, a natse.

"Umma tana kewarka," na ce.

Lilon ya ci gaba.

"Yaya, Umma."

"Bar ta. Nan ya fi."

Wani ɗigo ya faɗo min a goshi.

Na ɗaga ido. Tamfol ya yi tumbi. Ruwa ya rasa hanya, ya taru a tsakiya, kuma tumbin bai tsaya a tsakiyar ba. Yana matsowa. Yana gangarowa ɓangarena, daidai saman fuskata. Uwar igiya tana nishi. Zobban da Baba Abdou ya sa suna ƙas, ƙas.

A nan ne sanyi ya shige ni.

Yaya Ƙasimu ya taɓa tashe ni cikin ruwa, yana zagina yana dariya, don na ɗaga wannan kusurwar da taƙi ɗaya. Ko a mafarki ba zai ce in toshe wa ruwa hanya ba. Kuma bai taɓa jin sunan Umma ya ce a bar ta ba.

"Wane ne kai?"

Lilon ya tsaya.

Na yi yunƙurin tashi. Gefen ragar biyu suka haɗe a kan ƙirjina, suka matse, kamar ana ɗaure su daga ƙasa. Hannuna na hagu ya maƙale.

Tamfol ya taɓa hancina. Sanyi ƙalau. Nauyi kamar buhun siminti.

Ya rufe bakina.

Na nemi a'uzu billahi, harshena ya ƙi juyawa.

Kusa da kunnena, kusa sosai, muryar ta sake magana. Yanzu babu dusashewa, babu komai na Yaya a ciki.

"Kai ka shimfiɗa. Kai ka zuba shayi."

Numfashina ya ƙare. Na ga Umma a bakin ƙofa, hannunta a rigata.

Hannun dama na tura sama, bayan kaina. Ƙaya ta tsaga min yatsa. Itace. Igiya. Ƙulli.

Wutsiya.

Na ja.

Na faɗo ƙasa da ƙeya. Tamfol ya rufto inda nake kwance, ruwa ya fashe kamar an yanka salka. Na mirgina, na fita daga ragar, sunan Allah ya kuɓuce daga bakina da ƙarfi. Na ruga tudu, duwatsu suna yankar tafin ƙafata.

Ban waiwaya ba. Amma ina ji. Ƙiii. Ƙiii. Ɗayar marjehar tana ta lilo abinta.

Mota ta tashi da ƙyar. Ban tsaya ba sai da na hango hasken masallacin Harami.

Umma tana kan darduma da na shiga. Ta dubi ƙafafuna, ta dubi fuskata. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta kawo ruwan ɗumi, ta zauna tana cire min ƙaya, hawayenta na ɗiga a cikin kwanon.

Bayan Juma'a Baba Abdou ya raka ni ɗauko kayan. Tamfol yana ƙasa cikin laka. Marjehar Yaya tana rataye, a bushe ƙayau. Kofina cike da ruwan sama. Ɗayan a kife, a wanke. A inda kusurwar ƙasa take zubar da ruwa akwai wani rami a tsakanin duwatsu, wanda ban lura da shi ba, irin ramukan da ake cewa ba a rasa mai gida a ciki. Baba Abdou ya yi masa sallama, ya ja ni muka bar wurin.

A shago ya sa almakashi ya raba tamfol ɗin biyu. Ya ba ni rabi. Ban tambayi inda ya kai ɗayan ba.

Yanzu kofi ɗaya nake zubawa. In kewa ta yi min yawa, maƙabartar Baƙi'a nake zuwa bayan asuba, in tsaya wajen da muka sa Yaya in yi masa addu'a. Rannan ina tsaye aka fara yayyafi. Ruwa na sauka a kan ƙasarsa, babu rufi, babu igiya. Na daɗe a wurin ina saurare. Bai ce in gyara masa komai ba.