Abin da Kawu Tanko ya hango a tsallaken ruwa

Ku matso kusa, ba zan ɗaga murya ba. Kai Sagir, in tsoro kake ji tashi tun yanzu.

Kun san Kawu Tanko, ƙanin babana. Da can aikinsa ƙirga tsuntsaye a fadamar Nguru. Ma'aikatan daji suka ba shi madubin hangen nesa, mai ido biyu, yana rataye da shi a wuya.

Shekarar da ruwa ya cika, kwalekwale ya kife da matarsa Delu. Ba a ga gawa ba. Ta bar masa 'ya guda, Uwani, ko yaye ba a yi ba.

Kawu ya daina duban tsuntsu. Kullum yana bakin ruwa shi kaɗai, madubi a ido, yana bin gaɓar tsallake.

Wata rana da tsakar rana, fadama ta yi tsit. Ko kwaɗo babu. Sai ya hango mace a tsallake, da zanen da Delu ta fita da shi.

Ya sauke madubi. Ba kowa, sai kainuwa.

Ya mayar. Tana nan, ta matso. A kan ruwa take takowa, kuma ƙafarta ba ta jiƙe ba. Fuskar Delu ce, har da tsagar kumatunta.

Bakinta ya motsa can nesa, amma muryar a gindin kunnensa ta fito.

"Tanko. Taho mana."

Ya shiga ruwa har gwiwa.

"Tanko, sanyi nake ji."

Ruwa ya kai masa ƙugu. Nan ya tsaya cak. Shekara tara suna tare, Delu ba ta taɓa kama sunansa ba. Malam take ce masa, kunya ba ta barinta.

Ya ja da baya yana a'uziyya, hawaye na zuba, amma bai sauke madubin ba sai da ta kusa taɓa shi. Ya yar da shi cikin ruwa, ya ruga gida ya rungume Uwani.

Na taɓa tambayarsa, "Kawu, tunda ka gane, me ya sa ka ci gaba da kallo?"

Wallahi na yi nadamar tambayar.

"Na san ba ita ba ce," in ji shi. "Amma a ina zan ƙara ganin fuskar nan?"

Don haka kada wanda ya je bakin fadamar nan shi kaɗai da rana tsaka, balle in akwai wanda yake kewa.