Kafaɗar Martha

A satinsa na farko, Sufeto Enoch ya lura cewa Martha, matar da ke kawo wa bariki itace, a kafaɗa take ɗora daminta. Ya tambayi Saje Bakoji.

"Haka matan Gbagyi suke, Yallaɓai. Ba sa ɗora kaya a ka."

Bakoji ya yi maganar idonsa na kan aninin da ke kafaɗar Sufeton. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana riƙe da wannan ƙaramin caji ofis na bakin dajin Kamuku. Har ya ɗinka sabon kaki yana jiran ƙarin girma, sai aka turo masa yaro daga Kaduna. Yaron kuma ya mayar da cinyar gwankin da maharba suka aiko, tun daga nan gaisuwa ta daina zuwa bariki.

Ranar Litinin da safe aka tarar hauren giwa biyu, waɗanda aka ƙwace daga wani maharbi, sun ɓace daga ɗakin ajiya.

Enoch ya juya kwaɗon a hannunsa. Ba a fasa shi ba.

"Makulli nawa ne?"

"Biyu. Nawa da naka," in ji Bakoji. "Ni nawa bai taɓa barin ɗamarata ba. Naka kuwa a ƙusa yake kwana, kuma Martha tana shiga gidanka. Ni dai ba na son sunanka ya fito a rahoto, kana sabon zuwa. Amma dole ya fito."

Kafin azahar Bakoji ya kawo Martha da ankwa. Ba ta yi kuka ba.

"Kin taɓa makullina?" in ji Enoch.

"Ranka ya daɗe, iyakata murhu. Ina da yara uku, me zan yi da haƙorin giwa? Miya?"

Bakoji ya ce akwai shaida. Ya shigo da Ladan, direban babbar mota, baƙo da ya zo lodin dawa a kasuwa.

"Me ka gani?" in ji Enoch.

"Jiya da hantsi na ga matar nan ta fito ta bayan ofis da wani dogon abu a buhu."

"Mai nauyi?"

"Sosai, Yallaɓai. Har wuyanta yana lanƙwasa."

"Wuyanta? A ina ta ɗora shi?"

"A ka mana. Da gammo ma."

Martha ta ɗago kai a karon farko. Kofur da ke rubutu ya aje biro, ya kalli Saje.

"Kai, dabba!" Bakoji ya daka masa tsawa. "Wa ya ce maka ka ƙara gammo?"

Ladan ya shiga share gumi da hularsa.

Enoch ya tura kofur tasha. A ƙarƙashin buhu na bakwai a motar Ladan aka zaro hauren, an naɗe su da tsohon bargon bariki. Ladan ya durƙusa tun ba a tambaye shi ba.

"Saje ne ya ba ni. Ya ce in kai Legas, in kuma ce na ga matar."

Enoch ya juya. "Saje, me na yi maka?"

Bakoji ya yi wata gajeriyar dariya.

"Ran da na shiga aikin nan kana rarrafe. Na bi ɓarayi cikin dajin nan da ƙafa, maciji ya sare ni sau biyu. Kai ka zo da takarda, na koma sara maka safe da yamma. Eh, ni na ɗauka. Haure bai dame ni ba. So na yi in ga ranar da za a ciro abin nan daga kafaɗarka."

"Ita kuma fa? Shekara nawa za ta yi a kurkuku?"



Enoch ya karɓi makullin ankwa daga ɗamarar Bakoji, ya kwance ankwar daga hannun Martha, ya miƙa wa kofur. Kofur ya ɗaura wa Saje, tsohon maigidansa, ya tasa shi gaba zuwa ɗakin tsare masu laifi.

Enoch ya fito don ya ba Martha haƙuri. Ya tarar ta riga ta ɗauki daminta daga inda aka jefar da shi a bakin ƙofa. Ta gyara masa zama a kafaɗa, ta wuce murhun bariki ba ta sauke ba, ta bi hanyar kasuwa.