Jiniyar Ƙarfe Shida

Ranar da abin ya fara, matar Dakta tana tsakar gida tana kwashe shanya. Rana ta riga ta faɗa bayan dogon bututun hayaƙin tsohuwar masaƙa, inuwarsa ta ratso filin ƙwallon ɗalibai har ta taɓo katangar gidansu. Wurin ya yi tsit, ko tsuntsu ba ya motsi. Sai ta ji ƙwal a kan kwanon rufi. Abin ya gangaro a hankali, ya faɗo daf da ƙafarta. Da ta sunkuya sai ta ga noti ne mai tsatsa, girmansa ya kai ƙwan kaza, kuma da zafinsa kamar yanzu aka kwance shi daga jikin inji.

Kafin ta miƙe na biyu ya faɗo, sannan na uku. Daga nan sai jiniya ta ɗauka, doguwa, mai nauyi, kamar daga ƙarƙashin ƙasa take fitowa. Ta dubi agogon hannunta. Ƙarfe shida cif.

Unguwar nan da can ta masana'antu ce: masaƙa, gidan rini, kamfanin sabulu, da manyan sito jere har bakin titin jirgi. Shekara goma sha biyar suka yi a rufe kafin jami'a ta karɓi wurin, ta wanke, ta shafa fenti. Zauren saƙa ya koma ɗakin karatu, gidan rini ya koma tsangayar kimiyya, ofishin shugaban ma'aikata kuma aka raba shi gida biyu na malamai. Ɗaya aka ba Shugaban Tsangaya, ɗaya aka ba Dakta, wanda ke jagorantar kwamitin ƙawata harabar jami'a, kuma yake jin kansa kamar shi ya halicci ciyawar da ke ciki.

"Juji ne fa nan," haka yake gaya wa baƙi, yana nuni da mukullin mota. "Juji da ɓeraye da jahilai. Mu muka mai da shi wurin mutane."

Yakan faɗi haka ko da mahaifinsa na kusa. Baba yana zaune a ɗakin baya, gefen tankin ruwa. Shekara ashirin da takwas ya yi yana tsaron inji a masaƙar nan, ta kuma cinye masa yatsu uku na hannun dama. Ranar da suka tare, Shugaban Tsangaya ya hango tsohon yana ba shuka ruwa, ya tambaya ko wane ne. Matar Dakta tana tsaye da faranti a hannu ta ji mijinta ya ce, "Wani tsoho ne da ke kula mana da gida." Tun daga ranar wani abu ya zauna mata a ƙirji game da mijin nan nata, bai sake tashi ba. Shekara biyu ke nan.

Da Dakta ya dawo ta nuna masa notunan. Ya juya ɗaya da yatsa biyu kamar ya taɓa ƙazanta.

"Yaran bayan katanga ne. 'Ya'yan tsofaffin leburorin nan, ba su da aiki sai jifa."

"Jiniyar fa?"

"Wace jiniya? Ni na sa aka kwance ta bara, an sayar wa 'yan gwangwan. Ke da karatunki, kar ki ba ni kunya."

Amma da ta kai wa Baba abinci ta tarar da shi zaune a bakin gado, ya sa takalmansa, ya ɗaure igiya tsaf.

"Baba, fita za ka yi?"

Ya dubi ƙafafunsa, ya yi ɗan murmushin kunya. "Jiki ne, 'yar nan. Ya ji an busa, ya zaci lokacin karɓar aiki ne."

Kwana tara abin yana maimaituwa, kullum da almuru. Jifa, jiniya, sannan takun ƙafafu masu yawa a bayan taga, kamar mutum ɗari biyar suna wucewa ba mai magana. Fitilu su dushe su dawo. Warin baƙin mai da ƙurar auduga ya cika falo, ya maƙale a labule. Dakta ya kira mai gyaran wuta, ya kira masu gadi, ya rubuta takarda mai shafi huɗu zuwa sashen tsaro. Idan an fara jifan sai ya ƙure ƙarar talabijin.

A rana ta goma abin ya taɓa Auta. Ita ce ƙaramar 'yarsu, tana shekarar farko a jami'ar, kuma ita kaɗai ce ke shiga ɗakin Baba ta zauna ta daɗe. Yakan tsokane ta da cewa ya fasa aurenta tunda ta fi son littafi a kan miji, ita kuma ta ce wa zai auri tsoho mai yatsu bakwai. Ran nan ta dawo daga ɗakin karatu, ta ajiye jaka, ta tsaya tsakiyar falo. Da jiniya ta ɗauka sai hannuwanta suka fara aiki: dama ya ja, hagu ya tura, ta sunkuya ta ƙulla zaren da ba kowa ke gani ba, ta matsa taku uku, ta sake. Idanunta a buɗe, ba kowa a cikinsu. Uwar ta riƙe ta, sai ta ji kamar ta rungumi ƙarfe.

Likitan jami'a ya ce gajiyar karatu ce, ya ba da ƙwayoyi. Kwana uku Auta tana tsaron injin da babu shi, daga shida har bayan isha, tafin ƙafarta ya kumbura, ba ci ba sha. A rana ta huɗu ta faɗi, kanta ya bugi gefen tebur, ta miƙe da jini a goshi ta ci gaba da aiki.

Matar Dakta ba ta nemi izinin kowa ba. Ta yafa mayafi ta fita ta ƙaramar ƙofa zuwa bayan katanga, inda ragowar gidajen ma'aikata suke, ta zo da malamin da ke limanci a can, dattijo siriri mai tabarau ɗaure da zare. Dakta ya tare su a bakin ƙofa.

"Wannan kuma fa? A cikin jami'a? Kin san abin da za a ce?"

"A ce," in ji ta. "Matsa."

Ya matsa. Ihun da Auta ta saki da ganin malamin shi ya fito da Shugaban Tsangaya da matarsa daga gidansu, suka tsaya daga bakin falo. Dakta ya dube su, gumi ya keto masa.

Malam ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa, ya fara karatu, bai ɗaga murya ba. Duhu yana shigowa ta taga a hankali. Noti ɗaya ya faɗo daga silin da babu huda, ya gangara ƙarƙashin kujera. Can hannuwan Auta suka tsaya. Ta zauna a ƙasa zaman maza, ta dafa gwiwa, muryar da ta fito daga bakinta kuma ta tsohon namiji ce, mai kaushi kamar ana jan ƙarfe a kan siminti.

"Ya isa, Malam. Ka ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Mai gidan. Ku ne baƙi."

"Musulmi ne kai?"

"Na riga kakanka fuskantar alƙibla."

"To wanda ya san alƙibla ba ya zaluntar yarinya. Me ta yi maka?"

"Ita ba komai. Ubanta." Kan Auta ya juya a hankali zuwa Dakta, leɓenta ya taɓe. "Shekara sittin ina zaune a ramin tokar da ke gindin bututu. Masu aiki sun san da ni. Mai kwashe toka sai ya yi sallama kafin ya sa shebur. Ban taɓa ko ɗayansu ba. Wannan mai takardun ya zo da motar siminti, ya cike min ɗaki, ya dasa benci a kai don yara su riƙa cin gyaɗa. Ko sallama."

"Ai ban sa..." Dakta ya fara.

"Rufe min baki. Waɗancan sun saƙa abin da ya rufe tsiraicin gari guda. Kai me ka saƙa? Magana. Ka tara magana a takarda, ka ba wani ya karanta, shi ma ya ba ka tasa, ku tafa wa juna."

Malam ya ce, "Hukunci ba naka ba ne. Fita za ka yi."

"A fasa simintin."

"Ba a hannuna yake ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba."

"To a mayar da jiniya."

"Babu." Malam ya koma karatu. Jikin Auta ya ɗauki rawa, jijiyoyin wuyanta suka miƙe, uwar ta cusa mayafi a baki don kada ta yi kuka.

"Tsaya! Tsaya. Abu ɗaya, na ƙarshe. A kira min Bakwai."

Dakta ya yi saurin cewa, "Babu mai wannan sunan a gidan nan."

Dariyar da ta fito daga bakin yarinyar sai da ta sa matar Shugaban Tsangaya ta ja da baya. "Babu? Ina kallo ranar da inji na goma sha tara ya kama masa hannu. Aiki biyu ya yi a jere ba barci, saboda za a kai wani yaro makarantar kwana. Ina yaron yake yanzu? Ko ya mutu?"

Matar Dakta ce ta je ta taho da Baba. Ya shigo yana jan ƙafa, ya tsaya daga gefen dardumar da bai taɓa takawa ba. Fuskar Auta ta saki.

"Bakwai. Ka tsufa."

"Kai ma muryarka ta tsufa."

"Malam, ga sharaɗina. Mai takardu ya faɗa da bakinsa, gaban maƙwabtan nan nasa, ko wane ne wannan tsohon. In ya faɗa, na tafi."

Malam ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Sannan ya dubi Dakta. "Ni ba na cika wa aljani sharaɗi. Amma wannan ba nasa ba ne. Tun kafin ya faɗa, Allah ya riga ya ɗora maka."

Matar Dakta ta zuba wa mijinta ido. 'Yarsa tana zaune da jini busasshe a goshi, amma sai da ya saci kallon Shugaban Tsangaya tukuna. Ta ga wannan kallon, ta kuma san ba za ta manta da shi ba har ta mutu.

"Mahaifina ne," ya ce, ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ba. Ƙarar inji ta kashe min kunne."

"Mahaifina ne! Shi ya haife ni."

Baba ko kallonsa bai yi ba. Ya durƙusa da ƙyar gaban jikarsa, ya ɗora hannun nan mai yatsu biyu a kanta. "Ka ji ni da kyau. Masaƙa ta mutu. An tashi aiki, kowa ya watse. Yarinyar nan ba ta taɓa zare ba, karatu take yi, kuma ina son karatun nata. Sake ta."

"In tafi ina?"

"Mu da aka rufe ƙofa, wa ya tambaye mu ina za mu? Ƙasar Allah da faɗi. Bi titin jirgi, akwai kangon da ba wanda ya saya."

Malam ya sa aljanin ya yi rantsuwa sau uku cewa ba zai dawo ba, ba gidan ba, ba yarinyar ba. Ya rantse. Sannan ya ce, "Don kai na fita, Bakwai. Ba don wancan ba." Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ƙafarta ta hagu ta harba, ta sulale a jikin uwarta. Da ta buɗe ido, abin da ta fara cewa shi ne tana jin yunwa.

Daga ranar ba a sake jifa ba. Auta ta warke, ta rubuta jarrabawarta. Dakta kuwa kafin mako ya zagayo ya gama shaida wa duk ɗakin malamai cewa gajiyar karatu ce, ƙwayoyin likita ne suka yi aiki a makare. Amma Shugaban Tsangaya ya riƙa zagayowa bayan gida kowace safiya ya gai da Baba da hannu biyu, wannan kuma ya fi jifan ƙona wa Dakta rai. Ganin asiri ya riga ya tonu, sai ya sa aka gyara ɗakin baƙi, ya sayo sabuwar katifa, ya aiki matarsa ta gaya wa tsohon ya dawo ciki.

Ta tarar da Baba yana ninke kayansa cikin jaka.

"Gidan 'yata, ƙanwar mijinki, zan koma," ya ce. "Ke kin yi min komai, Allah ya yi miki albarka. Amma ɗan da sai aljani ya shaƙe masa 'ya kafin ya ce uba, katifarsa ba za ta yi min laushi ba."

Dakta ya fito ya ce a bari ya kai shi a mota. Baba ya ce ƙafarsa ƙalau take. Auta ta ɗauki jakar, suka bi ta babbar ƙofa, tsakiyar ɗalibai, tana riƙe da hannunsa na dama. Matar Dakta ta tsaya tana kallonsu har suka sha kwana. Daga cikin falo mijinta ya ɗaga murya yana tambaya ko an haɗa masa shayi.

"Kicin ɗin yana inda yake," ta ce, ta ɗauki mayafinta ta bi bayansu.