Ranar da Inna Ba Ta Yi Kuka Ba

"Ka tabbata, Yaya Mu'azu? Da bakinka ka tambayi Malam Ubale?"

"Haba Murjanatu. Yaushe na fara yi miki ƙarya?"

A zauren gidan Alhaji Dogo, mahaifin Murja, suke, a Maigatari, bayan sallar la'asar. Dawowar Mu'azu ke nan daga Kano, ko gidansu na Gumel bai biya ba. Wannan kaɗai ya isa ya sanyaya wa Murja zuciya.

Shekararta ta ƙarshe ce a kwalejin share fagen shiga jami'a da ke Kano. Wata jami'a a Zariya ta riga ta ba ta gurbi, da sharaɗin ta kammala karatun kwalejin lafiya. Ta rubuta jarrabawar Turanci da ta Tarihi, saura ta Faransanci da aka ɗaga zuwa ƙarshen damina, sai aka aiko mata cewa Inna, mahaifiyarta, tana kwance, ƙafafu sun riƙe. Ta baro komai ta taho. Yanzu ga Inna a kwance, ga darasi ana yi babu ita. Shi ya sa ta tura Mu'azu ya tambayo mata Malam Ubale, mai kula da sha'anin ɗalibai, ko ajiye Faransancin zai taɓa gurbinta.

"Cewa ya yi biyu sun wadatar," in ji Mu'azu. "Faransancin ƙari ne kawai. Kuma ke da kika tashi a bakin iyaka? Ranar Alhamis ki zauna a kasuwa, kafin magariba kin ji wanda ya fi na aji."

Ta yi dariya. "Na kasuwa ai bai wuce a ce wa babbar mota kamyo, a ce wa kwastan duwan ba."

"To da me Alhaji yake shiga Damagaram ya fito? Sanyin idona, zauna ki kula da Inna. Zariya tana nan, ba inda za ta."

Mu'azu malamin firamare ne a Gumel, kuma shi ya fara koya mata haɗa baƙi tun tana 'yar ƙarama. An tsayar da maganarsu, da sharaɗin Alhaji cewa sai ta gama jami'a. Idan Mu'azu ya ce abu kaza haka yake a harkar boko, Murja ba ta sake tambaya. Ya miƙo mata takardar ajiye darasin da ya karɓo, ta sa hannu ko karantawa ba ta yi sosai ba.

Haka ta yi daminar nan a gindin Inna. Ita ce gasa ƙafa da ruwan zafi, ita ce shafa man kaɗanya, ita ce dama kunun tsamiya. Ciwon kuwa, Allah da ikonsa, tun daga ranar da aka sa hannun nan ya fara ja da baya. Kafin gero ya yi kai, Inna har daka take yi tana waƙa. Murja ta yi ta godiya ga Allah, ba ta kawo komai a ranta ba.

Inna mace ce mai kuka, kowa ya sani. Tun da babban ɗanta Isa ya tafi karatu Ikko, ya fara zuwa sallah-sallah, daga baya sallar ma ta gagara, ta tsani duk wata mota da ke fuskantar kudu. Duk ranar da Murja za ta koma Kano, sai Inna ta rako ta tasha ta riƙe mayafinta tana rusa kuka, har 'yan kamasho sun saba. Da sun hango ta sai su ce wa direba, "Kashe motarka, Hajiya ba ta gama ba tukuna."

Ranar tafiya Zariya ta zo. Za ta fara tsayawa Kano ta karɓi sakamakonta, sannan ta wuce. Alhaji Dogo bai bar direba ko ɗaya ba, na nan da na Damagaram, sai da ya faɗa masa 'yarsa za ta jami'a. Mu'azu ya ɗauko mata akwatin ƙarfenta da kansa. Inna ta rako ta kamar kullum, ta gyara mata mayafi, ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, 'yar nan."

Idonta a bushe. 'Yan kamasho har sun gyara tsayuwa, suka ga shiru.

Murja ta ji daɗi har cikin ranta. Cewa ta yi Inna ta yi haƙuri a ƙarshe, ta sake ta da zuciya ɗaya.

A Kano, Malam Ubale ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau, ya saki murmushi.

"A'a, amarya ce da kanta? An sha biki?"

"Wane biki, Malam? Sakamakona na zo karɓa, gobe zan wuce Zariya."

Murmushin ya ɓace. Ya cire tabaran ya ajiye.

"Wace Zariyar, Murja? Ai kin ajiye Faransanci. Sharaɗinsu darasi uku ne cif. Ranar da takardarki ta iso muka sanar da su, sun daɗe da ba wa wani gurbin."

"Amma... amma an ce kai ka ce biyu sun isa."

"Ni?" Ya dafa ƙirji. "Saurayin nan da kika turo, a kan kujerar nan ya zauna. Na ce masa idan ta ajiye, gurbin ya tafi. Na maimaita masa. Har na ce ya roƙe ki ki dawo ko da ranar jarrabawar ce kawai, mu san yadda za mu yi. Ya ce kin sani, kin haƙura da karatun, aure za ku yi bayan girbi."

Murja ta dubi kujerar. Ba gurbin ne ya fara yi mata ciwo ba, muryar Mu'azu ce da ta dawo mata a kunne, yana tambayarta yaushe ya fara yi mata ƙarya.

Malam Ubale ya ce abin da ya rage shi ne ta maimaita shekara saboda darasin guda, ta sake neman gurbi da sababbin ɗalibai. Ko za a sake ba ta, wannan bai iya yi mata alkawari ba.

Kashegari ta kamo hanyar gida da akwatin da ko buɗe shi ba ta yi ba. Motar na tsayawa a tashar Gumel ta hango shi a inuwar darbejiya, cikin farar riga, yana leƙa kowace mota da ta fito daga Kano. Ba wanda ya aika masa cewa za ta dawo.

Ta sauko. Ya taho da sauri, fuskar nan an shirya mata tausayi.

"Murjanatu, lafiya? Me ya faru?"

"Wa kake jira a nan, Yaya Mu'azu?"

Ya kawar da kai.

"Ni da ya kamata yanzu ina Zariya. Wa kake jira?"

"Ki saurare ni, abar ƙaunata..."

"Kada ka ƙara kirana haka."

"Tsoro na ji!" Muryarsa ta karye. "Shekara uku a Zariya, cikin likitoci da lauyoyi. Ki dawo da digiri ki tarar da ni da alli a hannu? Wallahi son da nake miki ne ya sa."

"Da ka ce mini kana tsoro, da na rantse maka da duk abin da kake so. Kai ka koya mini karatu. Da hannun da ka koya mini rubutu ka sa na kashe kaina."

"Ba ni kaɗai ba ne, Murja. Ba ni na fara kawo..."

Ya haɗiye sauran. Amma ta riga ta ji. Busassun idanun nan na Inna a tasha suka dawo mata.

Ta cire agogon da ya ba ta ranar da aka tsayar da maganarsu, ta ɗora a kan bencin mai shayi, ta koma mota. Yana kiran sunanta har motar ta fita daga tasha.

A gida ta tarar da gadonta a gyare, an sake zanin gado. Ga kwanonta a rufe a gefen murhu, tuwon gero da miyar kuka da man shanu, an zuba mata rabonta kamar wadda ta je unguwa.

Inna tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta ɗago, ba mamaki ko kaɗan a fuskarta.

"Kin dawo, 'yar nan? Wanke hannu ki ci abinci."

"Inna, ciwon ƙafar ma...?"

"Ciwo gaskiya ne." Ta ajiye rariyar. "Na dai ƙara masa kwana."

"Ke kika ce ya yi?"

"Na ce masa idan kika tafi, ni da shi duka mun rasa ki. Isa ma haka na raka shi, da akwati irin wannan. Yau ina yake? Ni na haife ki, Murja. Laifi ne don na so ki zauna inda zan riƙa ganinki?"

"Da na dawo, Inna. Wallahi da na dawo. Ni ba Yaya Isa ba ce."

"Shi ma haka ya ce."

Murja ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. A nan ta yi kukan da ta riƙe tun daga ofishin Malam Ubale. Cin amanar Mu'azu za ta iya cirewa kamar agogo ta ajiye. Na Inna fa, ina za ta kai shi?

Da Alhaji Dogo ya dawo daga Damagaram ya ji abin da aka yi, bai ɗaga murya ba. Ya aika Gumel aka mayar da kayan Mu'azu. Ya kira Murja zaure ya tambaye ta abu ɗaya.

"Za ki iya komawa ki zauna aji ɗaya da ƙannenki?"

"Zan iya, Baba."

"Ko da ba su sake ba ki gurbin ba?"

"Ko da ba su ba ni ba."

"To shirya."

Ranar da za ta koma, ba ta ce kowa ya raka ta ba. Duk da haka Inna ta saka mayafi ta biyo ta a baya, tana ɗan ɗingishi, wannan karon na gaske. Murja ta durƙusa ta yi mata sallama yadda ya kamata, ta shiga mota ta zauna a bakin taga.

Direba na tayar da mota Inna ta kama ƙarfen tagar da hannu biyu, kuka ya ƙwace mata, irin wanda tashar ba ta taɓa ji ba. Ba ɗan kamashon da ya yi wasa ranar.

"Za ki dawo, 'yar nan? Ki ce mini za ki dawo..."

Murja ta dubi yatsun da suka yi mata kitso tun tana jaririya. Ta sa hannu ta ɓanɓare su daga ƙarfen ɗaya bayan ɗaya, a hankali, don kada motar ta ja ta.

"Wancan karon da kin yi mini wannan kukan, Inna, da na san amsar da zan ba ki."

Motar ta fita ta fuskanci kudu. Sai da suka wuce gonakin bayan gari Murja ta ja mayafi ta rufe fuskarta.