Rediyon Baba a Teburin Ɗalibai

"Malam! Ina rediyon Babana?"

Ko sallama ba ta yi ba ta faɗa ɗakin gwajin makarantar, mayafi a karkace. Ƙaurin dalma ya bugi hancinta. Ɗalibai suka ɗago kai, mijinta ya yi tsuru-tsuru da sukundireba a hannu.

Tun da ta auri malamin lantarkin nan ba ta huta ba. Makaranta ba kayan aiki, sai ya mayar da ɗakinta wurin tsintar waya. Ya farke fankarta, ya bi da tocila, ƙararrawar ƙofa ma ba ta tsira ba. Duk ta haɗiye. Amma rediyon marigayi mahaifinta? Rediyon ta daɗe da mutuwa, gaskiya ne, sai dai ita kaɗai ya bar mata.

"Masoyiya, saurara..."

"Kar ka ce min masoyiya! Wallahi in ka yi mata gunduwa-gunduwa, yau a gidanmu zan kwana!"

"Haba, a gaban yara?"

"Su ji! Ai da su kuke cinye min kaya!"

Sai ta hango rediyon a kan tebur, bayanta a buɗe, wayoyi a waje. Idonta ya kawo ruwa.

Wata ɗaliba mai ƙunar dalma a yatsa ta miƙe a tsorace. "Anti, ba cirewa muka yi ba, sakawa muka yi. Malam ya ce kullum kina goge ta da safe, kina murɗawa ko za ta yi magana. Ya ce duk wanda ya karce ta ya faɗi jarrabawa."

Yarinyar ta murɗa. Rediyo ta yi shuuu... sai ga murya tar, a tashar da Baba ya bar ta.

Matar Malam ta matso kusa da teburin. Ta zauna a benci, ta rungume rediyon tana kuka kamar yau aka yi rasuwar. Ga haushinsa, ga sonsa, ta rasa wanda za ta fara da shi.

"Kin yafe min?" ya tambaya a hankali.

Ta share hawaye, ta watsa masa harara.

"Fankata fa?"

Ya sosa ƙeya. "Ita... sai zango mai zuwa."

"To ka nemi mafici, Malam. Kai ne fankata har zangon ya zo."